Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Kayan Tarihi Na Ailan Da Kwamishinonin Ayyukan Gwamnati (OPW) Kan Gicciyen Muiredach

Mai girma Minista, masu girma Kwamishinoni, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku wannan wasiƙa ne game da manyan duwatsun gicciye da magabatan ƙasar nan suka sassaƙa fiye da shekara dubu da suka wuce, musamman wanda ke tsaye a maƙabartar Monasterboice ta gundumar Louth, wanda ake kira gicciyen Muiredach. Ni Bahaushe ne haifaffen Kano, kuma Musulmi, na daɗe ina zaune a Drogheda, inda tsakanina da wannan dutse bai wuce tafiyar kilomita 8 ba. Na ambaci addinina tun farko domin kada a ɗauka ibada ce ta sa na ɗauki alƙalami. Maƙwabtaka ce ta sa, ga kuma harajin da nake biya kamar kowa, wanda daga cikinsa ake kula da waɗannan wurare. Buƙatata guda ce: ku yanke shawara a fili, tare da ranar aiwatarwa, kan yadda za a raba wannan dutse da ruwan sama, kuma a yi hakan ba tare da an raba shi da Monasterboice ba.

Kun fi ni sanin wurin, amma tun da wasiƙar a buɗe take, ku yi mini uzuri in siffanta shi saboda waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Monasterboice mazaunin sufaye ne na Kirista wanda Buite ya kafa, shi kuwa ya rasu wajajen shekarar 521. Abin da ya rage a yau shi ne kangon majami'u biyu, da hasumiya mai tsawon kusan mita 28 wadda gobara ta ci a 1097 tare da littattafai da dukiyar da aka adana a ciki, da duwatsun gicciye uku, duk a tsakiyar kaburburan da iyalan yankin ke ziyarta har yanzu. Gicciyen yamma ya haura mita 6, shi ne mafi tsawo a duk tsibirin. Na Muiredach ya haura mita 5, kuma shi ne masana suka fi yabawa saboda kyawun sassaƙarsa. A ƙasan jikinsa ta fuskar yamma akwai rubutu da tsohon harshen Ailan da ke roƙon a yi addu'a ga Muiredach wanda ya sa aka yi shi, kuma akasarin masu bincike sun tafi a kan cewa shi ne shugaban sufayen wurin da ya rasu wajajen 923. Kyanwoyi biyu na zaune a tsakanin haruffan, kamar dai masassaƙin ya so ya nuna cewa ko a kan aikin lahira yana da raha, kuma a wani gefen akwai dattawa biyu kowa ya cafki gemun ɗan'uwansa.

Ranar da na fara tsayawa a gabansa ta fuskar gabas, ban buƙaci mai yi mini bayani ba, domin labaran da ke jikinsa tun ina makarantar allo na san yawancinsu. Daga ƙasa ga Adamu da Hauwa'u a gindin bishiya, kusa da su ga ɗansu ya ɗaga makami a kan ɗan'uwansa Habila. Sama da su ga Dauda da ƙaton da ya kayar, sai Musa ya bugi dutse ruwa na ɓuɓɓugowa jama'a sun yi sahu suna jira. A tsakiyar zoben da ke kewaye da mahaɗar gicciyen kuwa ranar hisabi ce, salihai a hannun dama, waɗanda suka taɓe ana kora su ta hagu, mala'ika Mika'ilu na riƙe da mizani, Shaiɗan ya kwanta a ƙasa yana jan ɓangare ɗaya domin ya rinjaye shi. Fahimtarmu da ta waɗanda suka yi wannan aiki ta sha bamban a manyan wurare, ban kuma zo nan don in ɓoye hakan ba. Amma duk wanda ya san wahalar aikin hannu zai girmama mutumin da ya ɗauki guduma da kurfi ya cusa mutane fiye da ɗari a jikin dutse ɗaya, har ana gane igiyoyin garayar da ke hannun Dauda da gashin bakin sojoji.

Matsalar ita ce dutsen yashi ne, wato ƙwayoyin rairayi da suka manne da juna tun zamanin da, kuma irin wannan dutse yana shan ruwa kamar tukunyar ƙasa. Ruwa ya shiga ramukansa da rana, dare ya yi sanyi ya daskare, girmansa ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari, sai ya tura ƙwayoyin da ke kewaye da shi. Gishirin da ruwa ke narkarwa ya shiga da shi yakan sake ƙanƙarewa idan dutsen ya bushe, ya yi irin wannan turi daga ciki. Gansakuka da sauran tsirrai masu manne wa dutse suna riƙe danshi, wasunsu kuma suna fitar da sinadarin da ke cin fuskarsa. Duk wannan ba a yini ɗaya yake nuna kansa ba, shi ya sa yake da sauƙin mantawa: hanci ne zai lafe a wannan ƙarni, yatsu su haɗe a na gaba, har a wayi gari mutum ya zama ƙullutu. Wanda yake son ganin ƙarshen wannan tafiya ya dubi gindin gicciyen, inda siffofin dabbobi da mahaya suka kusa shafewa, ko ya ɗaga kai ya dubi ƙasan hannun gicciyen, inda aka sassaƙa tafin hannu a wurin da ruwa ba ya bugu kai tsaye, ya ga yadda layukansa suka fi na waje kaifi. Dutse ɗaya ne, shekaru ɗaya ne, inuwa kawai ta bambanta su.

Ga kuma hannun ɗan Adam. Na taɓa ganin wani baƙo ya jingina kafaɗarsa a kan rubutun Muiredach domin a ɗauke shi hoto, jakar bayansa tana gogar haruffan, kuma na tabbata ba da mugun nufi ya yi ba, bai dai san abin da yake jingine da shi ba ne. A Ardboe ta gundumar Tyrone, can arewacin tsibirin, an daɗe ana ba da labarin cewa masu ƙaura zuwa ƙasashen waje kan ɓanƙari ɗan guntun gicciyen wurin su tafi da shi domin tunawa da gida. Ni da na bar gida na san abin da ke sa mutum yin haka, amma ƙauna ma tana cinye dutse.

Ba na jahiltar cewa doka ta daɗe da rungumar waɗannan duwatsu. Bayan dokar 1869 da ta raba Cocin Ailan da gwamnati, an miƙa kangaye da dama ga Kwamishinonin Ayyukan Gwamnati, ofishin da aka kafa tun 1831, wanda a yau aka fi sani da OPW. Dokar Wuraren Tarihi na Ƙasa ta 1930, wadda aka yi wa gyara a 1954 da 1987 da 1994 da 2004, ta haramta taɓa irin wannan wuri ko haƙa a kusa da shi sai da izinin Minista, sannan a watan Oktoba na 2023 aka sa hannu a sabuwar doka da za ta maye gurbin waɗancan, mai ɗauke da rajista guda ta wuraren tarihi. Wannan gado ne na doka da kowace ƙasa za ta yi alfahari da shi. Sai dai dukkan waɗannan tanade-tanade an yi su ne domin tsare dutsen daga ɓarawo da mai gini da mai haƙa, ruwan sama kuwa ba ya neman izinin Minista kafin ya sauka.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar rubuto muku shi ne, hukumominku sun riga sun warware irin wannan matsala a wasu wurare, kuma ta hanyoyi daban-daban. A Clonmacnoise, mazaunin da Ciarán ya kafa a bakin kogin Shannon a tsakiyar ƙarni na 6, an ɗauke manyan duwatsun gicciye uku a farkon shekarun 1990 aka shigar da su cikin ginin karɓar baƙi da ke harabar wurin, aka kafa kwafinsu a daidai inda suke tsaye a da. Cikinsu har da wanda ke ɗauke da sunan Sarki Flann da shugaban sufaye Colmán, na wajajen shekarar 900. Na je na gani, kuma gaskiya sai a cikin ɗakin, da fitilar da aka saita daga gefe, na iya bambance fuskokin da ke jikinsa. A Moone ta gundumar Kildare an bi wata hanya: gicciyen da aka tono gunduwa-gunduwa a 1835, aka ƙara gano tsakiyarsa aka haɗa a 1893, yanzu yana tsaye a cikin kangon tsohuwar majami'ar wurin da aka yi wa rufi. A Durrow ma cikin majami'a aka mayar da shi, a Cashel an shigar da na ƙarni na 12 cikin gini aka bar kwafi a waje, na kasuwar Tuam yana cikin babbar majami'ar garin, na Carndonagh ta Donegal kuma rumfa aka yi masa.

Labarin Kells ne ya fi damuna, shi ya sa zan tsaya a kansa. Gicciyen kasuwar garin ya yi ɗaruruwan shekaru a mahaɗar hanyoyi, motoci na giftawa ta gefensa, kowa na ganin haɗarin, har sai da wata bas ta buge shi a 1996. Bayan nan ne aka ɗauke shi, aka gyara, aka kafa shi a gaban tsohon ginin kotu ƙarƙashin rumfa. Ba na ɗora wa kowa laifi a kan abin da ya wuce, abin da nake cewa shi ne shawarar da aka yanke bayan haɗarin da ma ana iya yanke ta kafinsa. A Monasterboice babu bas da za ta zo ta tilasta wa kowa gaggawa, domin ɓarnar can shiru take yi, kuma wannan ne ya sa take buƙatar wanda zai sa mata rana da kansa.

Na san hujjojin masu cewa a bar shi inda yake, kuma ba na raina su, domin wasunsu maƙwabtana ne waɗanda iyayensu da kakanninsu ke kwance a inuwarsa. Suna cewa ba don ɗaki aka yi shi ba. An kafa shi ne fuska ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma, hasken safiya ya karanta ɓangare ɗaya, na yamma ya karanta ɗayan, kuma shi da hasumiyar da kaburburan abu ɗaya ne wanda idan aka zare masa ƙashin baya sauran za su zama kufai kawai. Suna cewa kwafi, komai kyawunsa, ba shi ne abin da kakanninsu suka tsaya a gabansa suka yi addu'a ba. Masana adana dutse ma suna da nasu tsoron: irin waɗannan duwatsu gunduwa-gunduwa aka harhaɗa su, gindi da jiki da hula, ɗaga abu mai nauyin tan da yawa daga tsakiyar kaburbura kuwa yana iya buɗe tsagar da ba a san da ita ba, sannan dutsen da ya yi shekara dubu yana jiƙewa idan ya bushe farat ɗaya a ɗaki mai ɗumi gishirin cikinsa na iya tasowa ya ɓare fuskarsa. Hausawa na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma na yarda cewa taka-tsantsan da aka yi zuwa yanzu yana da dalili. Amma ƙin tashi ma zaɓi ne, yana da farashi, kuma dutsen ne ke biya kowane hunturu.

Saboda haka abu na farko da nake roƙo shi ne a auna wannan farashi a gaya wa jama'a. Kuna da ma'aunin da ƙasashe kaɗan ke da irinsa. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 an yi zubin filasta na wasu daga cikin waɗannan duwatsu, har da na Monasterboice da na Ahenny, domin Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Dublin, kuma akwai zubin na Muiredach a gidan tarihin Victoria da Albert da ke Landan. Waɗannan zubi sun kama fuskar dutsen kamar yadda take fiye da shekara ɗari da suka wuce. A ɗaya gefen, a zamaninmu an ɗauki ma'aunin siffar wuraren tarihi da dama na ƙasar nan da na'urar haske mai fitar da hoto ta kowace fuska. Idan aka ɗora wannan a kan wancan, za a san ko milimita nawa ruwa ya ci daga fuskar Mika'ilu ko daga haruffan rubutun, kuma wane gefe ya fi saurin lalacewa. Duk abin da aka riga aka auna, a fitar da shi da harshe mai sauƙi, a manna shi a ƙofar maƙabartar da ɗakin karatu na Drogheda, domin gardamar ta tashi daga ra'ayi ta koma kan lissafi. In lissafin ya nuna cewa ɓarnar ba ta kai yadda nake tsoro ba, ni ne farkon wanda zai yi murna.

In kuwa ya nuna akasin haka, ra'ayina shi ne a fara gwada rufi a inda yake tsaye, wanda zai tare ruwa daga sama ya bar iska da hasken rana su ratsa, ko da na lokacin hunturu ne kawai da za a riƙa cirewa, a auna tasirinsa na wasu shekaru. Na san rumfa a tsakiyar maƙabarta ba za ta yi wa kowa daɗin gani ba, kuma kafa ginshiƙanta ba tare da taɓa kabari ba aiki ne mai wuya. Idan masana suka tabbatar cewa hakan ba zai yiwu ba, to a bi hanyar Clonmacnoise, a gina masa ɗaki a nan Monasterboice, kusa da ganuwar maƙabartar, inda mai ziyarar kabarin mahaifiyarsa zai iya shiga ya gan shi ba tare da ya biya ko sisi ba. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a kai shi Dublin. Kuma kowace hanya za a bi, a zauna da iyalan da ke da kaburbura a wurin, da limaman yankin, da majalisar gundumar Louth, da masu sa kai da ke tarbar baƙi, tun kafin a zana taswirar farko, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shawarar da aka kawo wa mutane a gama ba ta cika zama lafiya ba, ko da daidai ce.

Akwai wani abu da ya ƙara mini damuwa. A jerin wuraren da Ailan ta gabatar wa UNESCO a 2010 a matsayin waɗanda take fatan a sa cikin gadon duniya, akwai rukunin mazaunan sufaye na farko, wato Clonmacnoise da Durrow da Glendalough da Inis Cealtra da Kells da Monasterboice. A sabon jerin da aka fitar a 2022 ba su ciki. Na fahimci cewa shiga wannan jeri yana da sharuɗɗansa, kuma tambarin UNESCO ba ya tare ruwa, amma irin wannan matsayi yakan tilasta a rubuta tsarin kulawa mai wa'adi, a kuma riƙa ba da rahoto. Tun da wannan matsin lamba daga waje babu shi yanzu, ya rage gare ku ku ɗora wa kanku irinsa. Brú na Bóinne, yankin tsofaffin kaburbura na zamanin da a bakin kogin Boyne, wadda ta shiga gadon duniya tun 1993, tana nan kusa da mu, kuma baƙin da ke zuwa can da yawansu sukan biyo ta Monasterboice kafin su koma babbar hanya.

Ba zan manta da ƙananan duwatsun gicciye ba. Biyun da ke Ahenny ta gundumar Tipperary, waɗanda aka yi wa ado irin na maƙeran ƙarfe, har da ƙulle-ƙulle masu kama da kan ƙusa, suna tsaye a fili a wata maƙabartar ƙauye, haka ma wanda aka bari ba a gama ba a Kells, wanda ke nuna yadda masassaƙi ke fitar da murabba'ai kafin ya cika su da mutane. Asusun tallafa wa al'umma kan wuraren tarihi da aka buɗe a 2020 ya taimaka wa wurare da dama, kuma zai yi kyau a ware wani kaso nasa domin auna lafiyar irin waɗannan duwatsu a kai a kai.

Na taso ina wasa a kan badala, ganuwar Kano da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, kuma a tsawon rayuwata kaɗai na ga sassan da nake hawa ina yaro sun zama tudun ƙasa. Babu ranar da wani ya tashi ya ce a rushe su, damina ce ke zuwa ta tafi da nata kason, kowa na cewa za a duba. Wannan ne ya sa idan na ga ruwa na gangarowa ta kan fuskar Adamu a Monasterboice hankalina ba ya kwanciya. 'Ya'yana a nan aka haife su, a makarantun Drogheda suka koyi sunan Buite da na Muiredach, kuma suna ɗaukar wannan dutse nasu ne kamar yadda nake ɗaukar badala tawa.

Ina roƙon ku, ranku ya daɗe, da ku kira taron jama'a a Drogheda ko a yankin Monasterboice kafin hunturu mai zuwa ya fita, ku zo da sakamakon awon da ke hannunku da zaɓuɓɓukan da masananku suka tantance tare da kuɗin kowanne, ku kuma sanar da shekarar da za a fara aiki. Ni da iyalina za mu halarta in Allah ya kai mu.

Naku cikin girmamawa,
Wani Bakano mazaunin Drogheda, gundumar Louth.